Ruwan Jego a Hawa na Sha Ɗaya

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, ku ara mini kunnenku kaɗan. Ba tatsuniya zan yi muku ba, abin da ya same ni ne. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Bakina ne ke magana, autata ce ke riƙe da biro, kuma inda ta ce kar a rubuta, na ce ta rubuta.

Shekarar da ta yi haihuwar fari, ita ya kamata ta zo gida wanka. To gida ya yi nisa. Mijinta karatu ya kai shi Kuala Lumpur, jaririya ba ta da fasfo, sai aka ga ɗauko tsohuwa ya fi sauƙi. Na taho da kanwa, da surfaffen gero, da yajin jego. Itace ne kawai ban ɗauko ba, don ban taɓa zaton akwai garin da za a rasa murhu ba.

Gidansu a Sri Petaling yake, bene hawa na sha ɗaya. Babu tsakar gida, babu inda za a kafa duwatsu uku. Tukunyar gas ma an hana a ginin, komai sai da lantarki. Na ce to, wuta dai wuta ce. Ganyen darbejiya kuwa a kasuwar Chow Kit aka samo mini shi, wajen wani Ba'indiye.

Wankan jego kun san shi, ko kun ji labari. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa ya tafasa har ya yi ƙara, a tsoma ganye a fyaɗa jiki. Haka uwata ta yi mini har haihuwa tara, kuma har yau ina tashi daga tabarma ba tare da na dafa ƙasa ba. Macen da aka rage wa kwanakinta, sanyi ne ke shiga ƙashinta ya zauna. Abin da na tsallako teku in yi ke nan, ba wani abu ba. Babbar tukunya biyu da safe, biyu da yamma, ga ta kunu a gefe.

"Umma, garin nan ko ba wanka a dafe nake," in ji autata.

"Zafin gari daban, zafin ganye daban. Juya baya."

Shi kuwa surukina yaro ne mai kunya. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, ni ma ba na kama sunansa. Wata safiya na ga takarda manne a jikin firij. A tarbiyyarmu ba a barin rubutu inda miya za ta fallatsar masa, ba ka san sunan wa ke ciki ba. Na cire, na ninke, na ɗora a kan kwabar kaya. Bayan kwana biyu na gan ta a kan teburin cin abinci. Na sake ɗagawa. Rana ta uku a kan murfin tukunyar wankan na same ta. Na ce a raina, Allah sarki, karatu ya fara taɓa yaron nan, yana yar da takardunsa ko'ina.

Ranar kwana ashirin da biyu, ina fyaɗa mata ganye, ta ce, "Umma, takardar da kike ta ɓoyewa, ta kuɗin wuta ce fa."

"To ni ce mai wutar?"

"Ke ce mai tukunyar."

Ashe bakinsa ne ya kasa faɗa mini, sai ya riƙa ajiye ta inda zan gani. Ya manta idona ba ya cin rubutu. Kwana shida yana magana da ni, ni kuma ina ninke maganar ina ɗorawa a kan kwaba.

Na sa aka kira shi. Ya durƙusa a inda ya saba. Na ce ya yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ya ce gwamnatin ƙasar tana karɓar wani kaso ta hannun masu sayar da wuta, a tara, a yi aikin gyaran yanayi da shi, irin su wutar hasken rana, don a rage hayaƙin da ke ɓata sama. Masu sayarwar kuma ba daga aljihunsu suke fitarwa ba. Akwai wani layi da aka ja na yawan shan wuta, gidan da ya sha wuta ya haye shi, shi ake ɗora wa. Su ba su taɓa hayewa ba sai watan nan. Kason kansa ba shi da yawa, amma da an haye layin sai kuɗin wutar duka ya hau, ga kuɗin karatunsa daga gida sun yi jinkiri.

Autata ta leƙo daga ɗaki. "Tambaye shi a kan me yake rubuta littafin digirinsa."

Ya ƙara sunkuyar da kai. A kan wannan kason ne. Shekara biyu yana rubuta cewa abu ne mai kyau.

"Har yanzu mai kyau ne?" na ce.

"Mai kyau ne, Umma. Sai dai a takarda bai yi nauyi haka ba."

Na tuna kurmin bayan garinmu, inda aka saro itacen jegona tara. Yau in kin tsaya a wurin sai ki hango garin gaba. Rijiyar gidanmu sau uku ana ƙara mata zurfi. Damina ta koma kamar baƙon da bai san gida ba, ko ta ƙi zuwa, ko ta zo ta rushe katanga. Na ce, "Kuɗin nan zai kai fadamarmu?"

Ya ce a'a, na ƙasar nan ne, kowace ƙasa da nata.

"Saman ma kowace ƙasa da tata?"

Da zai tashi ya ce, "Umma, a ci gaba da wankan. Zan san yadda zan yi."

Yadda ya yi na gan shi da idona. Ya kashe na'urar sanyaya ɗaki. Ya daina guga. Tun safe yake ficewa makarantarsu a Jalan Semarak ya sha sanyin ɗakin karatu, ya dawo da riga a yamutse. Jaririya kuwa ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Na duba uwa, na duba 'ya, ban san wadda zan rage wa ba.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, da hannu muke hira. Su ma, ashe, suna da nasu kwanakin jegon. Na nuna mata tukunya, na nuna mata rana. Ta ce "boleh", wato zai yiwu, ta ba ni aron baƙin bahon roba guda biyu da farar leda. In cika su da hantsi, in rufe, in tura su bakin baranda. In an yi sa'a, kafin la'asar ruwan ya yi zafi, sai in ƙara masa buta ɗaya ta tafasasshe. In ba a yi sa'a ba, hadari ya taso da azahar, don garin nan ruwan sama ba ya neman izini.

Haka muka ƙarasa kwana goma sha takwas. Na safe tukunya ɗaya a wuta, na yamma abin da rana ta bayar. Aka kunna wa jaririya sanyinta da tsakar rana. Autata ta ce wankan yamman ya fi mata daɗi, ba ya sa ta jiri. Ni dai na sa hannu a ciki, kuma hannuna ya san ruwan jego. Wannan ruwan bai kai ba.

Ranar arba'in na dama kunu, na mayar wa tsohuwar bahonta da ƙullin kanwa a ciki.

Saura in gaya muku inda kowa ya kwana. Surukina ya gama littafinsa, an ba shi digiri, yanzu yana koyarwa a can. An ce ya ƙara babi a kan gidajen da ke haye layi ba da son ransu ba. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta koma ƙauyensu wajen ɗanta. Jaririya ta yi wayo, in na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. Autata ta zo mini hutu, ga ta nan tana rubutu, lafiyarta ƙalau in ji ta. Ɗazu da za ta tashi ɗebo ruwa na ga ta dafa ƙasa. Ta ce zaman tabarma ne ta manta. Na ce to.

Ni kuwa ina nan. Rijiya ta sake ja baya. Ajiye biron, na gaji.