Na Kori Kowa Daga Cikin Igiya, Ban Da Yayana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba. Shekara biyu ke nan ina ɗauke da wannan magana, ban taɓa faɗinta daga farko har ƙarshe ba sai yau.

A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Sandamu, amma a Daura na tashi, a hannun yayana, domin mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare. Sana'ata ɗaukar hoton walda. Idan aka haɗa bututun gas ko tankin mai, ido ba ya ganin ko akwai rami ko tsaga a cikin waldar, sai a kira irinmu. Muna da wani akwatin ƙarfe mai nauyi da muke kira kyamara. A cikinsa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta wuce kan biro ba, tana fitar da haske da ba a gani, ba a jin zafinsa, amma yana ratsa ƙarfe ya bar hoto a fim. Yadda yake ratsa ƙarfe haka yake ratsa mutum. Shi ya sa ake tsayawa daga nesa a juya mariƙi, waya ta tura ƙwayar ta cikin tiyo har bakin waldar, idan lokaci ya cika a janyo ta ta koma mazauninta. Na yi kwas a kan wannan, na faɗi jarrabawar farko, na ci ta biyu, aka ba ni takardar shaida. Malaminmu ya yi ta nanata mana har muka gaji, cewa wanda bai yi horo ba ba ya shiga cikin igiyar da aka kewaye wurin aiki da ita, ko da uban mai kamfanin ne, kuma ba a kusantar kyamara sai da mitar auna hasken a kunne a hannu, domin ita kaɗai ce za ta gaya maka ko ƙwayar ta koma. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Ina so mai karatu ya riƙe haka, kada ya yi mini uzurin rashin sani.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Mai walda ne, yana da shago a Daura, kuma duk wanda ya san aikin ƙarfe a garin ya san hannunsa. Shi ya tsaya mini har na yi karatu, shi ya nemo mini aure. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba, kuma idan yana magana ƙasa nake kallo. Shi kuwa Auta yake ce mini, idan yana cikin raha ya ce Malam mai takarda. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya wuce ƙarfe a ƙasa. Noti, ƙusa, guntun waya, duk sai ya sunkuya ya tsince ya jefa aljihu. Matarsa takan ce duk ranar wanki sai ta tara abin da za a buɗe wani shagon da shi.

Kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangilar duba bututun wata tashar gas da ake ginawa a hanyar Mai'adua, aka turo ni ni da abokin aikina mai takarda irin tawa, domin doka ta ce mutum biyu ake yi. Yaya ne ya yi yawancin waldar wurin. Na yi murna, shi ma ya yi, amma na lura abin yana ɗan sosa masa rai, a ce ƙanensa ne zai duba aikinsa ya ce ya yi ko bai yi ba. A kwana na huɗu aka yi wa abokin aikina rasuwa, ya tafi. Abin da ya kamata shi ne in rufe kyamara in jira a turo wani. Mai kwangila yana ta matsa mini, saura bakin walda shida kawai. Yaya ya ce me za a jira, ai kwana uku ke nan yana kallon yadda muke yi daga bayan igiya, kuma shi babu aikin ƙarfen da ya taɓa zama a aji kafin ya iya. Haka ya koya, haka ya koyar da mutane da dama, da kallo da riƙe wa maigida.

Da tsakar rana leburori suka tashi hutu, na ja igiya, na kori kowa. Wani mai gadi da ya tsaya leƙe har tsawa na daka masa. Na juyo na ga Yaya ya ɗaga igiyar ya shigo. Abin da na iya cewa kawai shi ne, Yaya, da ka ɗan tsaya daga can. Ya yi dariya ya ce Malam mai takarda ya fara korar mutane, to shi wa zai riƙe mini tiyo? Na ƙyale shi. Ban zaunar da shi na bayyana masa yadda ƙwayar take ba, ban ce masa idan ya ga wani abu ya faɗo kada ya taɓa ba, domin na ji nauyin in tsaya ina koya wa wanda ya rene ni. Na ce a raina ai ina wurin, zan kula.

Mun ɗauki biyar lafiya, muna komawa nesa tare kowane karo. A na shida, da na janyo wayar na ji mariƙin ya yi sauƙi fiye da yadda na saba. Na ji, kuma na san ma'anarsa tana iya zama cewa ƙwayar ta kuɓuce daga wayar. Mita tana can kan bulo inda na ajiye ta a kashe, ina tattalin batir. A daidai lokacin mai kwangila ya kira ni a waya, na juya baya ina amsawa. Da na gama sai na ga Yaya har ya kwance tiyon ya naɗe shi tsaf, yana kakkaɓe hannu. Ya ce in zo mu yi azahar, aiki ya ƙare. Na bi shi. Ban ɗauki mitar ba.

Muka yi sallah a gindin darbejiya, na koma mota ina rubuta lambobin fim, shi kuma ya tafi wajen mai fura. Fiye da awa ɗaya ta wuce kafin na je ɗaukar kyamara. Na kunna mita na kara a jikinta, allura ba ta motsa ba. Kyamarar da ƙwaya ke ciki dole ta nuna wani abu, ko kaɗan ne. Ina tsugune a nan sai allurar ta fara tashi da kanta, mitar ta fara ƙara, ƙarar tana ƙaruwa. Na ɗaga kai. Yaya ne yake tahowa wajena da kwanon fura a hannu, ya sayo mini.

Na ce, "Yaya, me ke cikin aljihunka?"

Ya sa hannu a aljihun wandonsa ya fito da ita a tafin hannu, ya ce wannan ne ya faɗo daga tiyo, ya ajiye mini ne kada ya ɓace. A ranar na fara ɗaga masa murya a rayuwata. Na ce ya jefar, ya gudu. Ya jefar, amma bai gudu ba, ya tsaya yana kallona da mamaki. Na ɗauko awartaki mai dogon hannu na sa ta a tukunyar darma na rufe.

Ƙa'ida ta ce a wannan sa'ar a sanar da kamfani da hukuma, a kai mutum asibiti, a gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa shi. Na gaya wa Yaya haka. Ya duba hannunsa, ya shafa cinyarsa, ya ce shi ko ɗumi bai ji ba. Ya tambaye ni idan aka sanar me zai faru da ni, na ce za a karɓe takardata, wataƙila har da ƙari. Ya ce to babu wanda za a gaya wa, shi ya faɗa, kada in sake ɗago maganar. Na yi masa biyayya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa biyayya ce, amma gaskiya ita ce umarnin ya yi daidai da tsorona.

Washegari matarsa ta ce ya yi ta amai, suka ce furar ce. Cinyar ta yi ja, bayan kwana biyu ta washe, na yi sujada na gode wa Allah, alhali a littafin kwas ɗina an rubuta cewa haka abin yake yi, ya lafa sannan ya dawo. A mako na biyu ƙuraje masu ruwa suka fito a cinyar da yatsunsa uku. Kowa ya ce ƙunar walda ce, shi ma bai musa ba. Aka sayo man shafawa a kemis, aka koma na gargajiya, aka yi rubutu. Ciwon sai zurfi yake yi. Innarmu ta fara cewa wannan ba ƙuna ba ce, hannu aka sa masa, ta fara zargin wani maƙwabcin shagonsa da suka taɓa saɓani a kan aiki. Ta daina amsa gaisuwar matar mutumin. Ina zaune a tsakar gida ina jin duk wannan, na san abin da zai biyo baya mako bayan mako kamar ina karantawa, ban buɗe baki ba.

A mako na biyar wurin ya yi baƙi. Mutumin da nake gani tartsatsin wuta na zuba a hannunsa ba ya ko ɗaga kai, shi ne yake cizon matashin kai don kada 'ya'yansa su ji. Na ɗauke shi muka fara yawon asibiti, daga Daura zuwa Katsina, daga Katsina zuwa Kano. Duk inda muka je tambaya ɗaya ce, me ya ƙone shi, ni kuma in ce walda. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu a kan ƙaryar da na ba su. A wanke, a yanke ruɓaɓɓen nama, bayan kwanaki ya sake buɗewa ya fi da. Jininsa ya yi ƙasa, na bayar da nawa har aka hana ni. Na yi azumi, na yi sadaka, na roƙi Allah ya mayar da ciwon jikina. Komai na yi, ban da abu ɗaya da ake bukata.

Wani dattijon likita ne ya ja ni gefe wata safiya. Ya ce ya daɗe yana ganin ƙuna, bai taɓa ganin wadda take ci daga ciki kamar wannan ba. Sai ya tambaye ni, ni wace sana'a nake yi. Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, sannan na ba shi labarin duka. Bai zage ni ba. Ya ce ba zai iya rantse mini cewa da an cece shi ba, amma da sun sani tun ranar farko da sun sa ido a kan jininsa, da sun kare ciwon daga ƙwayoyin cuta, da sun nemi waɗanda suka san irin wannan, da kuma an yi aikin da ya dace tun yana da ƙarfi. Ya ce mako bakwai na cinye masa.

Aka yanke ƙafar daga sama, amma cutar ta riga ta shiga jini. Kwana biyu kafin ya rasu, da hantsi, matarsa ta fita wanke kwanuka, muka rage mu biyu. Na durƙusa gefen gadon na ce ya yafe mini. Ya ce shi ne ya ɗaga igiya, shi ne kuma ya hana a faɗa. Na ce ni ne mai takarda. Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Auta, da ka daka mini tsawa ranar nan kamar yadda ka yi wa mai gadi, da na ji haushi ƙwarai. Da sai in yi sati ban kula ka ba." Ya huta, sannan ya ce, "Da yanzu mun daɗe da shiryawa."

Bayan addu'ar bakwai na zaunar da Inna da matarsa na gaya musu komai. Matarsa ta tashi ta shiga ɗaki. Da aka jima Inna ta ce in ɗauko mata mayafinta in raka ta gidan maƙwabcin nan ta nemi gafararsa. Na raka ta, na tsaya a zaure. Daga baya na rubuta rahoto da hannuna na kai wa hukuma, na miƙa takardar shaidata kafin a tambaye ni. Yanzu ni nake buɗe shagonsa, ina kula da 'ya'yansa biyar tare da nawa. Har yau akwai gwangwani a lungun shagon cike da notinan da ya tsinto, ban iya taɓa shi ba.

Masu ta'aziyya sun ce kwanansa ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Amma igiyar a hannuna take, mitar ma tawa ce, kuma za a tambaye ni. Ga 'yan'uwana masu wannan aiki da duk wani mai kama da shi: takardar da aka ba ku amana ce ta ran duk wanda ke kusa da ku, kuma ba ta san yaya ko kawu ko maigida ba. Wanda bai yi horo ba ku fitar da shi, ko da zai yi fushi. Idan abokin aiki ba ya nan ku rufe kaya ku jira. Kada ku taka zuwa kyamara da mita a kashe. Idan kuma tsautsayi ya afku, ku faɗa a ranar, ku gaya wa likita gaskiya, ko me za a karɓe muku. Ku kuma manya, idan na ƙasa da ku ya ce ku ja baya a wurin aikinsa, ku ja, kada ku sa shi zaɓi tsakanin kunyarku da ranku. Ni na zaɓi kunya, na riƙe takarda mako bakwai, yau ba ni da ita, ba ni da Yaya.

Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah ya ji ƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara.