Rediyon Motar Malam Ɗanjuma

Duk wanda ya taɓa hawa a-kori-kurar Malam Ɗanjuma ya sani, kafin ya gaishe ka sai ya gama da dashbod. Zai cire hularsa ya goge gaban motar nan tun daga sitiyari har ƙofar fasinja, ya hure ƙurar da ta rage, sannan ya juyo ya ce, "To Audu, an tashi lafiya?" Ni ne Audun, kafintan Getso, wanda barci ya raba da firamare tun aji uku. Shekara talatin muna abota, kuma kullum bayan dashbod nake zuwa.

Ga maƙo, wayyo! Lokacin wahalar mai, da ya hango gangara sai ya kashe mota. In gangarar ta ƙare motar ta ƙi tashi, ya leƙo ta taga ya ce, "Jama'a, masu neman lada, ga dama ta samu." Wata tsohuwa 'yar Gude ta taɓa ce masa, "Malam, kuɗin mota muka biya ko na motsa jiki?" Ya ce, "Inna, na mota ne. Motsa jikin kyauta na ba ku."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya koma sauraron kaset na wa'azi da karatu. Sai wani direba ya shigo layin Gwarzo zuwa Kabo da mota mai rediyo, masu kai wake da gero kasuwa suka koma wurinsa kaf. Malam Ɗanjuma ya zama yana tashi da mutum uku da akuya. Abin ya kai har ya fara zancen sayar da motar, ita ce kuwa ke ci da gidansa.

Na ce, "Ka sa rediyo mana."

Ya ce, "Ai ina yi musu hira."

Na ce, "Hirar ce ta kore su."

Kwana biyu bai yi mini magana ba. A na uku ya sayar da buhun wakensa biyu, ya sayo rediyo mai cin kaset, ɗan gwanjo, muka kai wa mai gyaran rediyo a Gwarzo. Mutumin ya gwada, ramin rediyo da ke jikin dashbod ya yi kaɗan da kamar yatsa biyu. Ya ɗauko zarto ya ce, "Baba, sai an ɗan yanka nan ta dama."

Caraf Malam ya riƙe masa hannu. "Ɗana, in yankan kake so, ga kunnena. Nan wurin ba a taɓa shi."

"To mu ɗaure shi a sama da roba."

"Motata ce ko kejin kaji?"

Haka aikin ya faɗo kaina. Aka ce in sassaƙa akwatin katakon maɗaci da zai zauna ƙarƙashin dashbod, a kama shi da ramukan kusoshin da suke nan tun asali, kada a huda ko ɗaya sabo. Ba mu zo da abin awo ba, sai Malam ya zari tsinken tsintsiya ya auna faɗin rediyon, ya karya shi daidai ya miƙo mini. Ya ce, "Audu, wannan tsinken amana ne."

Amana kuwa na riƙe ta har bakin tasha, inda na tsaya cin balangu. Nama ya maƙale mini a haƙori, na laluba aljihu na ji tsinke. Na ce ɗan kan nan ai ba zai yi komai ba. To, naman na tsohon sa ne, sau uku ina karya.

Kwana uku ina aikin akwatin, na goge shi har yana ƙyalli. Muka tura rediyo, ko hancinsa bai shiga ba. Malam ya dubi akwatin, ya dubi tsinken, ya dube ni. Ya ce, "Audu, buɗe bakinka."

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Sauran awona nake nema."

Karo na biyu da kansa ya zauna a shagona, sabon tsinke a hannunsa. Matata ta aiko da ɗumame, ya mayar. Ya ce, "A gaya mata Audu azumi yake sai an gama." Fenti ma sau huɗu muna haɗawa kafin ya yarda ya yi kalar dashbod ɗin. Sifika kuma muka zura ta cikin tulu muka ɗaure a baya, don masu zama kan buhuna su ji. Rediyo ya shige cif, ko allura ba za ta ratsa ba. Mai gyaran nan da ya gani sai da ya tambaya ko daga kamfani aka aiko da akwatin. Na ce masa kamfanin Getso.

Ranar kasuwar Kabo karatu ya tashi daga cikin tulu rangaɗaɗau, kafin a ce me mota ta cika har da masu lilo. Muna isa gangara hali ya motsa, Malam ya murɗa makulli. Mota ta yi shiru, malamin kaset ma ya yi shiru. Wani dattijo ya buga rufin mota ya ce, "Haba Ɗanjuma, a tsakiyar aya?" Daga ranar bai ƙara kashe mota a gangara ba. Yakan ce malamin nan ne fasinjan da ya fi kowa shan mai, kuma bai taɓa biyan ko sisi ba. Fansarsa ɗaya: kaset da biro yake mayar da shi baya, wai kada batir ya gaji.

Sai bayan shekaru, muna hanyar garin Kara da rana, na tambaye shi me ke wurin nan da ya hana a yanka. Ya nuna mini inda fenti ya koɗe, ƙarfe ya yi sumul, faɗinsa kamar tafin hannu. Ya ce marigayiya Talatu, matarsa, tsoron ramuka take, nan take dafawa duk sanda zai kai ta ganin gida. Ya ce, "Shekara ashirin hannunta na wurin, Audu. Ni kuma in bari a sa zarto?"

Motar ba a sayar ba, tana hannun ɗansa yanzu. Rediyon ya daɗe da mutuwa, akwatin yana nan daram, wurin hannun ma yana nan. Allah ya jiƙan Malam Ɗanjuma, ya haɗa shi da Talatu a Aljanna. Ya yalwata masa makwancinsa iyakar ganin ido, ba da awon Audu ba.