Layi Biyu a Cikin Gari

Jiya ina tankaɗen garin masara, sai na ga yatsuna sun ja layi biyu a cikin kwano. Na daɗe ina kallonsu. Halin Bappa ne wannan, ƙanen mahaifina, wanda ya yi karatun likitan dabbobi a wata ƙasa mai sanyi.

Lokacin da nake zaune a gidansa a Majidaɗi, a shekarun casa'in, duk sanda ya tarar ina tankaɗe sai ya tsuguna ya ja layukan nan, ya share ɗaya, ya tashi. Ran nan na tambaye shi dalili.

"Ku kuna cewa dusar ƙanƙara," in ji shi. "Ba dusa ba ce, 'yata. Wadda ta kwana a bayan dutse, inda ba a taka ba, gari ne mai laushi kamar wannan."

Ya ce shi da abokinsa sukan ɗaura dogayen katakai a ƙafa, su bar hanyar jama'a, su sulalo daga ƙololuwar dutsen, kowa na barin layinsa a baya, garin ƙanƙarar na tashi har ƙirjinsu. Wata safiya abokin ya wuce gaba yana dariya, sai garin ya zaftaro daga sama ya binne shi. Bappa ya yi ta tono da hannu har la'asar.

"Ba a same shi ba?"

"Har na dawo gida."

Jiya ban share ko ɗaya ba. Allah ya ji ƙan Bappa, ya hutar da hannuwansa.