Marka, Sunan da Na Ƙi

Sunana na yanka Hafsatu, amma a gidanmu na ƙauyen Kashin Zama Marka kowa yake ce mini. Kakata ta wajen uwa ce ta laƙaba mini shi, ita ce kuma ta rene ni, domin mahaifiyata ta rasu ranar da ta haife ni. Inna nake kiranta.

Lokacin sanyi, idan maza sun dawo daga ban-ruwan albasa aka ci tuwon magariba, Inna takan ja tabarma kusa da murhu ta tura karan gero a wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, ita kuma tana binne mana ƙananan albasa a cikin toka, irin waɗanda ba su isa shiga buhu ba. Tsohuwa ce mai faɗa da tsokana. Wanda ya yi gyangyaɗi, ta cinye rabonsa ta ce kura ce. Idan za ta fara sai ta ɗaga yatsa ta ce, “Ku ruhe baki, ga ta nan ta iso ƙohwa.”

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce takan yi ba waƙa, ba sauya murya, idonta a kan wuta.

Wai wata shekara ruwa ya ƙi sauka, gero ya fara ƙonewa. Wata tsohuwa mai ’ya ɗaya, ’yar kuma da tsohon ciki, ta taka har gidan Hadari ta roƙe shi. Hadari ya ce zai zo, amma shi ba ya komawa gida shi kaɗai. Tsohuwa ta zaci akuya yake so, ta ce ta yarda. Ya zo ya kwana bakwai yana zuba, rana ba ta leƙo ba, gero ya miƙe. Da gari ya washe tsohuwa ta shiga ɗaki, ta tarar da jaririya a kan tabarma, uwar babu.

“Sai tas sa mata Marka,” in ji Inna, “sunan ruwan da ka kwana shina zuba. Don kada ta tashi tana ƙin ruwa, tunda shi ad da abincinmu.”

Na taɓa tambayarta, “Inna, ita ɗiyar da Hadari yat tahi da ita, mi as sunanta?”

Ta gyara karan wuta ta ce, “Ɗiyar tatsuniya ba ta da suna. Ci albasarki.”

Da aka kai ni makarantar kwana a Aliero, sunan ya bi ni. ’Yan mata suka samu abin yi. In na shigo ɗaki sai wata ta ce a kwashe shanya, ga Marka nan. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, ga girman kai na ’yar ƙauyen da ta fara sa takalmin makaranta. Hutun farko, muna zaune gaban murhun nan, Inna ta miƙo mini albasa ta kira ni yadda ta saba.

Na ce, “Inna, kada ki ƙara ce min Marka. Sunan ƙauye na. Hafsatu anka raɗa min, ki hwaɗi shi in ji.”

Ta dube ni, bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Na sake cewa ta faɗa. Can ta ce, “To, na jiya.” Ranar ba a yi tatsuniya ba.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya. Ba ta sake ce mini Marka ba, ba ta kuma ce Hafsatu ba. “Ke” na koma, ko “yarinyag ga”. Na ɗauka taurin kai ne irin nata, ni ma na kafe.

Bayan sadakar ukunta na yi wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, ƙorafin cewa tsohuwa ta tafi ba ta taɓa kiran sunana ba. Sai ya ce mini:

“Ke kin manta sunan wa kika ɗauke da shi? Uwarki ita aɗ ɗiyatta ta hwari. Tun da ta haihe ta bakinta bai taɓa kama sunan ba, don kunya. Ran da mota tak kahe cikin laka kahin mu kai Jega, ana ruwa, a cinyatta uwarki tac cika. Ko hawaye ba ta yi ba gaban mutane.”

Na san sunan mahaifiyata aka mayar mini. Tun ina ƙarama na sani. Ban dai taɓa tsayawa na haɗa biyun ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

A da na ɗauka Inna tana gaya mana asalin sunana ne. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji harshena ya yi nauyi a kan sunansa, na gane cewa makokin ’yarta take yi a gabanmu, ta hanya ɗaya da kunya ta bar mata. Mu kuwa muna ta cin albasa.

Yanzu ina koyarwa a Jega. Ɗalibaina, mijina, takarduna, duk Hafsatu suka sani. Abin da na nema na samu. Kawu ya rasu bara, kuma shi ne mutum na ƙarshe da yake kirana Marka.