Kwalbar Jinin Yaya Sani, Daga Gummi Zuwa Gusau

Gummi

Ana sallame Asuba na nufi asibiti, inda yayana Sani yake kwance da ciwon huhu wanda ya raina duk allurar da aka yi masa. Madam Rifkatu, 'yar Zuru mai aikin ɗakin gwaji, ta miƙo mini kwalba naɗe da tawul. Jininsa ne ta zuba a ruwan renon ƙwayoyin cuta, sun kuwa tsiro. Saura a san maganin da zai kashe su, kayan wannan aikin kuma sai Gusau.

"Malam, kai ke koyar da kimiyya, ba sai na yi maka lacca ba," in ji ta. "Kada ka sa ta cikin ƙanƙara. Kuma don Allah kada ka tsaya gaisuwa."

Na farkon mai sauƙi ne. Na biyun kuwa, Madam ba ta san danginmu ba.

Ga dalilin gaggawar. Ƙwayar nan da ganuwarta take rayuwa, kuma a cikinta akwai wasu sinadarai, enzayim muke ce musu a aji, masu aikin fasa ganuwar kaɗan-kaɗan don a ƙara faɗin gida. Muddin da abinci, ana fasawa ana ginawa. In abinci ya ƙare a kwalba, magina su ajiye aiki, masu fasawa su ci gaba, har gida ya rushe a kan mai shi. Matacciyar ƙwaya kuwa ba a gwada magani a kanta. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo, yara na hamma. Ban taɓa zaton zan rungume shi a cinya ba.

Nasarawa Burkullu

Mota ta cika da hantsi, ni da buhunan shinkafa a gidan baya. A shingen farko jami'i ya nuna tawul ya ce mene ne. Na ce cuta ce, da ranta. Ban taɓa ganin an ɗage shinge da ladabi irin na ranar ba.

Muka ratse Nasarawa don sauke buhuna, aka ƙetare kwalta zuwa jar ƙasa. A nan Gwaggo Hassi take, ƙanwar mahaifinmu, wadda a tarihin gidanmu ba a taɓa wuce ƙofarta da yunwa ba, ko da ƙoshi. Na sunkuyar da kai, amma hulata ta tona ni. Kafin a sauke buhu na biyu ga ta a taga.

"Ɗan nema! Wucewa za ka yi kamar ɓarawon akuya? Hito ka ci tuwo."

"Gwaggo, sauri nike. Jinin Yaya na ɗauko."

"Jinin na da ƙahwa? Gudu zai yi?"

Na yi mata darasin a tsaye, da ganuwa da magina da masu fasawa. Ta saurara fiye da duk ɗalibin da na taɓa samu.

"Wato 'yan gida ka rushe shi, ba baƙi ba?"

"Awo, Gwaggo."

"To mi ab baƙo ciki? Haka gidan Alhaji Mudi yaƙ ƙare." Ta juya ga direba. "Kai, Ɗanjuma, dakata mani."

Ta dawo da mayafi da kwanon tuwon dawa, ta zauna inda buhu ya tashi. Tun da ba zan zauna in ci ba, in ji ta, tuwon zai raka ni. Na ci da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da kwalba, miyar kuka na bin ramukan hanya zuwa rigata.

Anka

A mararrabar Zugu muka jira ayarin motoci, don ba a bin wannan yanki ɗai-ɗai. Kowa na kallon daji. Ni ina kallon kwalba, wadda ruwanta ya fara duhu, ina jin kamar ana sara gini a cikinta.

Muka shiga Anka rana tsaka, ga babbar jarrabawa: shagon Kawu Bello yana bakin titi, shi kuma gaisuwarsa sai ta bi kowa a gida, har awaki. Na fara gyara hula. Sai na ji hannun Gwaggo a ƙeyata, ta danna ni ƙasa, ta lulluɓe ni da mayafinta.

"Hassi! Ke da wa?" in ji Kawu daga kan benci.

"Ni da kayana! Ɗanjuma, taka!"

Malamin sakandare guda, na ratsa Anka a matsayin kaya.

Gusau

Mun iso bayan Azahar. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗiga ruwan a gilashi, ya leƙa madubin ƙara girman ƙwayoyi, ya daɗe yana dubawa. Gwaggo ta gaji.

"Yaro, da sauran masu rai ko an gama rushewa?"

Ya ce yawanci sun fashe, amma akwai 'yan tsiraru manne bibbiyu da ganuwarsu, za su isa a sake shukawa. Ya ƙara da cewa da mun kai yamma, da sai dai a sake ɗibar jini. Gwaggo ta dube ni kamar ni na so tsayawa cin tuwo.

Komawa gida

Muka kwana biyu wajen wani tsohon ɗalibina har sakamako ya fito, aka sanar da Madam ta waya, aka sauya allura. Da na iso Gummi zazzaɓin Yaya ya fara sauka, yana zaune yana shan kunu. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Madam, da Ɗanjuma, da mayafin Gwaggo.

Na zauna bakin gado na ba Yaya labari tun daga shinge har madubi. Ya saurara, ya ajiye ludayi, ya tattara ɗan numfashin da ya samu.

"Da kab bi ta Anka," in ji shi, "ka dai gaida Kawu?"