Saƙon da Hajiya Ta Aika Daga Bakin Teku

Ana idar da sallar asuba muka bar gida a unguwar Nassarawa ta Kano, ni da maigidana da mahaifiyata, Hajiya. Direbanmu mutumin Ringim ne, kuma tun daga ƙofar gida har filin jirgi bai daina yi mana addu'a ba, don ya ji an ce akwai shiga ruwa a tafiyar. Shi duk ruwan da ya wuce gwiwa bai yarda da shi ba. Hajiya sai amin take amsawa, fuska ba walwala. Jirgin sama bai dame ta ba, ta saba da shi a hanyar Makka. Jirgin ruwan da zai kai mu Zanzibar ne ya tsaya mata a rai.

Mun yada zango a Addis Ababa, muka wuce Dar es Salaam muka kwana. Da safe muka nufi tashar jiragen ruwa. Garin ya ɗan yi kama da namu: cunkoso, hon, ga 'yan adaidaita sahu suna kutse kamar a Kano aka yaye su. Zafinsu ne daban, irin mai manne wa mutum kaya a jiki. Muna sauka daga mota 'yan dako suka yi mana caa, kowa na jan akwati. Tikitin baƙi kuwa da dala ake saye, maigida ya biya yana murmushin yaƙe, tunda shi ya dage sai mun bi ta ruwa.

A ɗakin jira Hajiya ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina ɗaya gaɓar. Na ce ai ba a hango ta daga nan. Sai ta zauna ta ciro wayarta, ta shiga neman yafiya. Ta kira yayyena ɗaya bayan ɗaya. Ta kira maƙwabciyarmu, ta kira mai yi mana girki ta ce ta yafe mata faɗan da take yi mata kan gishiri. Ni dariya na cina, ina cewa Hajiya awa biyu ce fa tafiyar. Ta ce wanda ya san ranarsa ya faɗa.

Can ta shiga jujjuya wayar. Sai ta ce in nemo mata lambar ta Hotoro.

Nan dariyata ta tsaya. Ta Hotoro ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, Innarmu. Shekara uku ke nan ba sa magana. Ranar bikin 'yar Inna aka ba wata ƙawa jagorancin kai amarya, alhali ga babbar yaya zaune. Hajiya ta ɗauki mayafinta ta fito, tun daga ranar ko gaisuwar salla ba ta haɗa su ba. Mun yi rarrashi har mun gaji. Abin yana damuna ƙwarai, don a bayan Inna na girma.

Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ana ta kiran fasinja su shiga, sai Hajiya ta danna saƙon murya: “Ni ce yayarki. Zan shiga teku yanzu. In Allah ya karɓi raina, ki yafe mini. Ni na yafe miki tuntuni, girman kai ne ya hana ni faɗa.”

Jirgin ya fi yadda na zata kyau. Kujeru kamar na jirgin sama, ga sanyi, ga talabijin. Da muka fita tsakiyar ruwa ya fara rausaya, ma'aikata suka bi layi suna raba leda saboda masu amai. Abin mamaki, maigida mai cika bakin son teku shi ya fara amfani da tasa, har ya karɓi tawa. Hajiya kuwa carbi ta ja na ɗan lokaci, sai barci. Ba ta farka ba sai da fararen gine-ginen Zanzibar suka bayyana.

Muna taka ƙasa, an duba fasfo, ta ja ni gefe ta ce in goge saƙon nan maza. Na duba na ce Hajiya ai an riga an saurara. Ta tambaya ko an ba da amsa, na ce babu. Ta ce to shi ke nan, tsoro ya sa ta zubar da girmanta a banza.

Kwana huɗu muka yi. Tsohon garin lunguna ne matsattsu, in ka san cikin birnin Kano ba za ka ji baƙunta ba, sai dai ƙofofinsu na katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Ko'ina ƙamshin kanumfari da gahawa, kiran salla ta kowace kusurwa. Bayan magariba ake kasa abinci a bakin ruwa. Mun sha ruwan rake da citta da lemon tsami, mun ci gasasshen kifi. Wata halitta mai hannuwa takwas da suke gasawa, Hajiya ta ce ko kyauta ba ta so. Amma rana ta uku ta cire takalmi ta tsoma ƙafa a teku, ta ce a ɗauke ta hoto a tura wa direba. Ta ji daɗin garin sosai, sai dai kowace safiya takan miƙo mini wayar ta ce in duba mata ko caji ya ƙare. Na san abin da take so in duba.

Da yamma muka iso Nassarawa ranar dawowa. Maigadi yana buɗe ƙofa ya ce akwai baƙuwa tun azahar. Muka shiga falo, ga Inna zaune da kwanukan tuwo a gabanta. Hajiya ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Inna ta ce, “Yaya, na ji saƙonki. Cewa kika yi in yafe miki in kin mutu, shi ya sa ban amsa ba. Ni da ranki nake so. Zo ki zauna, tuwon ya huce.”

Ni dai abin da na koyo a tafiyar nan, ba sai mutum ya ga teku zai nemi ɗan'uwansa ba, Hotoro ba ta kai minti ashirin daga gidanmu ba. Na ja maigida muka shige ciki muka bar su. Har na gama kwance akwatuna ina jiyo su suna musu kan wanda ya fara laifi, suna ci a kwano ɗaya.