Ƙwallon da Na Jefa wa Surukina

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ƙungiya mai taimaka wa manoma da makiyaya. Ofishinmu yana Jega, aikinmu kuma ya haɗa da Aliero da Maiyama. Sabon ango ne ni, aikin ma ba a tabbatar mini da shi ba, don haka ko tari oga ya yi sai in miƙe tsaye. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dattijon da ke duba mana dabbobi a ɓangaren Maiyama surukina ne, mahaifin matata. Bafulatani ne mai kunya ta gaske. Tun da ya ba ni ɗiyarsa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce yaron nan na Jega. In na je gaishe shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. Ba mu taɓa cin abinci wuri ɗaya ba. Baƙo zai ɗauka ba ma shiri, alhali ni na san ba wanda ya riƙe ni da daraja kamarsa.

Sai manya suka ce ma'aikatan sassan uku ba su san juna ba, shi ya sa aiki ke tafiyar hawainiya. Aka tara mu a wani ɗakin taro, aka kawo mai horarwa daga birni, mutum mai fara'a da yawan tafi. Ya ce kafin komai sai an yi wasan sakin jiki. Ya sa muka yi da'ira, ya fito da ƙaramin ƙwallo, ya ce yau babu oga, babu malam, babu baba. Duk wanda ƙwallo ya zo hannunsa zai kira sunan wani tsirara ya jefa masa, sannan ya zauna. Aka fara ana dariya. Kowa na kauce wa dattijon saboda furfurarsa, ni kuma ba a san ni ba balle a kira ni. A haka da'ira ta yi ta raguwa har ƙwallo ya faɗo hannuna, na ɗaga kai na ga ba kowa a tsaye sai shi. Direbanmu, wanda ya san tsakaninmu, ya ce a bar shi haka nan wasa ya yi kyau. Mai horarwa ya ce ai wannan nauyin bakin ne aka zo cirewa. Oga ya dubi agogo, sannan ya dube ni. Na tuna takardar tabbatar da aikina tana kan teburinsa, sai kawai na ji bakina ya furta sunan, na jefa.

Ya cafe ƙwallon. Ya ce na'am, kamar yadda ake amsa wa tsara, ya ajiye shi kan kujera a hankali. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Washegari da ya gan ni sai ya miƙo mini hannu muka gaisa a tsaye, ya kira sunana cikakke yadda yake a katin aiki. Da aka kawo abinci ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Abokan aiki suka ce lallai horo ya yi amfani, ga tsoho ya saki jiki. Ni kuwa na gane ya sauke ni daga suruki ya mai da ni abokin aiki. Matata da labari ya iske ta ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaye ni ko ofis ne ya ba ni aurenta, ta ci gaba da tsintar wake. Na tura kawuna har garin surukin nawa, Giwa Tazo, ya ba da haƙuri, dattijon ya ce ai ba abin da ya faru, aiki ne. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Haka muka yi ta zama, ana ta kawo mana sababbin wasanni, yau a ɗaure mana ido, gobe a ce magidanci ya yi kukan dabbar da ya fi so. Mu yi tafi mu watse, kowa ya koma yadda yake. Na gaji har na fara neman dalilin ƙin zuwa taro.

Ana haka mai kula da sitonmu ya kwanta rashin lafiya daidai lokacin dashen albasa, irinsa na neman wuce lokaci a gonarsa ta Jiga Makera. Wata babbar ma'aikaciyarmu ta ce maimakon a sake tara mu a jefa ƙwallo, me zai hana a yi masa gayya. Oga ya yarda da ƙyar. Muka shiga fadama da sanyin safiya, masu ciro iri na cirowa, masu dasawa na bin fangali, wasu na fama da injin ban ruwa da ya ƙi tashi. Oga ya zame ya zauna cikin taɓo, mutanen Aliero suka ce yau ya sa hannu a aiki da wandonsa, shi ma ya yi dariya. Kafin rana ta take na san mai haƙuri, na san mai ƙwuiya, na san wanda zan kira in mota ta lalace mini a daji, ba tare da an ce kowa ya faɗi sunansa ba. Fangalin surukina na kusa da nawa. Na lura bayansa ya riƙe, yana dasawa yana dafa ƙugu. Da na gama nawa sai na shiga nasa ta ɗaya bakin, kaina a ƙasa har muka kusa haɗuwa.

Da aka sauke tuwo kowa ya zauna a inuwa, sai na ga ya ɗauki kwanonsa ya zagaya bayan bishiyar mangwaro, inda ba zan ga cinsa ba. Can direba ya zo ya ce dattijo ya ce a gaya wa yaron nan na Jega ya sa hula, rana ta yi zafi. Na juya baya kamar ina wanke hannu, don kada a ga hawayena.

Abin da na koya shi ne sabo ba a tilasta shi, aiki tare ke kawo shi. Masu shirya wa ma'aikata taro, don Allah ku tambayi su wane ne a ɗakin kafin ku ƙirƙiro wasa, ba kowane shiru ne gaba ba, wani girmamawa ce. In kuna son mutane su san juna ku ba su abin da za su ɗauka tare. Ku kuma ƙananan ma'aikata irina, in aka miƙo muku abin da ya fi ƙarfin kunyarku, ku ajiye shi ku ba da haƙuri. An tabbatar da ni a aiki tun tuni, amma har yau in na ga yara na jefa ƙwallo a ƙofar gida sai in ji wannan na'am ɗin a kunnena.